Goron da Ya Jira a Buɗe Hanya

Ni ba na cin goro. Gara in faɗa tun farko, don duk wanda ya ji gidan da na fito sai ya miƙo mini ɓari, in ce na gode, ya tsaya yana kallona kamar na zagi iyayena. A Agege aka haife ni, cikin Ikko, wato Legas, a gidan fataken goro inda ƙanshin ganye ya kama har labule. Na yi karatun haɗa magunguna, aure ya kawo ni Laurel a Amurka, na ce shi ke nan, na rabu da goro. Ashe yana nan tafe, zai same ni har ɗakin ƙasa na gidana.

Shekarar da za mu aurar da 'yarmu ta fari, Baba ya zo a yi masa aikin ido. Yanar ido ta rufe na dama, ta fara cin na hagu. Mun tsara komai: ya zo cikin sanyi da bizarsa ta wata shida, a yi aikin, ya warke, itatuwa na fara toho a ɗaura aure yana zaune a sahun gaba. Angon ɗan Damagaram ne, yana aiki a ɗaya daga cikin manyan gidajen kwamfutar nan na garin Sterling. Yaro mai kunya, amma Baba bai taɓa kiran sa komai ba sai "ɓarawon matata", don tun tana zanen goyo yake ce wa jikar tasa matarsa. Ita kuwa a nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa.

Ko hutawa bai gama yi ba ya ce a kai shi inda ake sayar da goro. Na ce, "Haba Baba, aure da saura, ana gobe sai a sayo." Ya juyo da idon nan mai ɗan gani ya ce, "Ke a gidan wa aka haife ki? A gidanmu ba a aurar da 'ya da goron kasuwa." Na san dokar, na dai yi fatan ba ta da biza. A gidanmu goron auren 'ya tun yana sabo ake sayen sa, dattijon gida ya yi ta renon sa da hannunsa har ranar ɗaurin aure.

Muka je Wheaton, shagon wata mata 'yar Gana. Ta kawo masa 'yan ƙullin goro a leda. Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da kunne ya ɓara, goron ya lanƙwashe shiru. Ya ce, "Wannan ai gawa ce, Allah ya ji ƙanta." Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai ya gaida matar da 'yan kalmomin yarensu da suka rage masa tun zamanin fatauci, ta ƙyalƙyale da dariya, ta jawo masa kujera. Kafin mu fito ta yi alkawarin sa masa kwando guda na sabon goro cikin kayanta masu zuwa.

Da kwandon ya iso, maigidana ya ce a sa a firij. Baba ya ce shi ma ya shiga firij ɗin ya kwana ya ga. Sama kuma na'urar ɗumama ɗaki ta busar da iska, don haka aka sauka ɗakin ƙasa, kusa da injin wanki. Ganyen fita da ake naɗe goro da shi a gida babu shi a nan, sai ganyen ayaba daskararre da na samo a shagon mutanen ƙasar Salbado. Ya shinshina, ya yi tsaki, ya ce a kawo, baƙo ba ya zaɓe. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya zazzage kwandon a kan tabarma, ya bi goron ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da wanda sankara, tsutsar goro, ta taɓa kafin ya shafa wa 'yan'uwansa, ya sauya ganye, ya yayyafa ruwa, ya mayar.

Da aka yi aikin aka rufe idon, yatsunsa suna jin taushi amma ba sa ganin tabo. Ya ce in zo in zama idonsa. Na ce ni wallahi na tsinci goron da zai ishe ni har lahira tun ina yarinya, kuma ina da aiki. Sai ya ɗaga murya ya kira matar tasa, wato jikar. Ta sauko da waya a hannu, da niyyar minti biyar. Ina ninke kaya a gefe na ji ya ɗauko labarin Kakan Jirgi, na ce a raina, yau kuma mun shiga uku.

Kakan Jirgi shi ne kakan Baba, kuma Baba ya riske shi da rai, tsoho tukuf. Iyayensa da jakuna suke zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar da in an fita bana sai baɗi. Shi ne ya ji labarin jiragen ruwan Turawa masu hayaƙi da ke bin gaɓar teku daga Ankara ta Gana zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki, ya ce zai gwada. Madugai suka ce yaron ya haukace, ruwan gishiri zai kashe masa kaya. Cikin jirgin na kayan kamfanonin Turawa ne. Baƙin fatake a fili suke zama, saman jirgi, rana ta doke su, iska ta watsa musu gishiri. Ruwan sha kuma da moɗa ake auna wa kowa. Baba ya ce Kakan Jirgi sai ya haɗiyi kurɓi ɗaya, sauran ya guntsa ya fesa wa ganyen huhunansa. Ya sauka Ikko leɓɓansa a tsattsage, goronsa kuwa jawur.

"Saukar ma ba sauka ba ce," in ji Baba. Babban jirgi ba ya iya shiga bakin Ikko saboda yashi da igiyar ruwa, sai ya tsaya can nesa, a riƙa zura kaya da igiya cikin ƙananan jirage. Kayan kamfani ake fara saukewa, na baƙar fata in an ga dama. Yana kallo huhun wani Bakatsine ya suɓuce ya faɗa teku, mutumin ya zauna ya ɗora hannu a ka.

Ya shigo gari ke nan ya tarar an rufe hanyar arewa. Sarakunan cikin ƙasa sun saɓa da gwamnan Turawa kan wa zai karɓi kuɗin fito, wa kuma zai wuce da kaya. Fatake suka cika bakin ruwa, kullum da sabon labari: gobe za a buɗe, a'a gwamna zai tura soja, a'a an aika manzanni. Hausawan garin suka rabu biyu, masu cewa a je a kai kuka gidan gwamna da masu cewa kada a sa baki a rigimar da ba tasu ba, har wasu suka daina gaisawa. Dillalan kamfanoni kuwa suna zagayawa suna taya goro da arhar wulaƙanci. Wasu suka sayar, wasu suka jira har ya ruɓe suka zubar a ruwa.

Yarinyar nan da na sani ba ta iya zama wuri ɗaya, sai na ga ta kife wayar a kan tabarma. Ta tambaye shi da Turanci, shi Kakan Jirgi ɓangaren wa ya bi?

Baba ya ce, "Ɓangaren goro."

Ya ce shi dai Kakan Jirgi kullum yana bayan wani ɗakin ajiya, yana kwancewa, yana tsincewa, yana sauya ganye. Da aka buɗe hanya goronsa ya zama daushe, wato goron da ya kwana biyu ya ƙara daraja. Ya sayar, ya kafa gidanmu. Huhu ɗaya ne ya ƙi sayarwa, da shi ya aurar da 'yarsa ta fari. Na ji labarin nan ya fi a ƙirga, amma ban taɓa ganin fuskar wanda ke jin sa karon farko ba sai ranar.

Daga nan ba a ƙara kiran ta ba, da kanta take sauka. Ya koya mata ɗan baƙin ɗigon da ke nuna sankara ta shiga, da yadda ake yayyafi ba jiƙawa ba. Ya koya mata gwaji da kunne: goro mai rai in an ɓara shi sai ya ce ƙas, wanda ya mutu ba ya magana. Ina jin su daga kicin, shi da Hausa, ita da Turanci, suna faɗa kan wanda za a yar.

Sanyi ya fara sauƙi sai ango ya zo gidan fuska a yamutse. An ɗage ranar ganawar mahaifiyarsa a ofishin jakadanci, wai an sauya dokar biza, kuma ba wanda ya san ranar da za a kira ta. Shi kaɗai ta haifa. Muka zauna a falo. Na ce to a ɗaura yanzu tun Baba yana nan, in ta zo a yi biki. Baba ya ce, "Mace ta haifi ɗa ɗaya tal, in hana ta gani don ni in gani? A jira ta." Na ce to bari mu nema masa ƙarin kwanaki. Ya ce bai taɓa wuce ranar da aka ɗibar masa a gidan mutane ba, ba kuma zai fara da furfura ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Haushinsa nake ji, da na ofishin jakadanci, da na kwandon nan da ke ƙasa. Na san shekarunsa, na san ba lalle ne a sake ba shi biza ba. Cikin haushin na ce, "Sai a kai goron masallaci ran Juma'a a rabar, in lokaci ya yi a sayi wani." Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ki rabar." Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙanƙanta haka ba, sai a lokacin na gane cewa goron nan shi ne zamansa a wurin ɗaurin auren.

Sai yarinyar ta yi magana daga bakin ƙofa, da Hausarta mai tuntuɓe: "Ba a raba ba. Ni na riƙe shi, Kaka."

Ya ɗago ya dube ta da sabon idonsa. Ya ce, "Amarya ba ta renon goron aurenta." Ta ce da Turanci, ai Kakan Jirgi ma an ce ba a sa goro a jirgi. Ya yi dariya har da tari, ya ce wannan bakin nata ɓarawon ya ji da shi.

Muka raka shi filin jirgi na Dulles. Bayan tafiyarsa zafin Maryland ya sauko, mai ɗanshi, irin wanda ke sa bango gumi. Ganye ya riƙa yin fumfuna, sankara ta shiga da ƙarfi. In yarinyar ta dawo daga aiki ko takalmi ba ta cirewa sai ta leƙa ƙasa. Wata rana na same ta zaune gaban tulin da ta fitar, ya kusa kai wanda ya rage, tana hawaye. Na zauna na jawo tabarmar. Ashe hannuna bai manta ba.

Duk mako muna waya da Baba. Zai tambayi aiki, ya tambayi maƙwabta, ya tambayi matar Wheaton, ya tambayi ko ɓarawo yana cin abinci. Goro kuwa ko sau ɗaya bai ambata ba. Da fari na ɗauka ya manta. Daga baya na gane tsoron amsar yake ji, ita ma ba ta faɗa ba don tana tsoron yin alkawari.

Sai da ganyen itatuwa ya fara ja sannan uwar ango ta sauka. Ranar ɗaurin aure da hantsi, gida cike da mata, maza suna jira a mota za su wuce masallacin Sterling, muka kira Baba. Hoton ya ƙi tsayawa, sai murya kawai. Ya yi addu'a, ya sa albarka. Can ya ce, "Matata, akwai abin da ya rage?"

Ta tattare lafayarta ta sauka ƙasa, ta hauro da abin da ya tsira cikin faranti, bai fi rabin kwandon ba. Ta zaɓi ɗaya da hannunta mai lalle, ta kai bakin wayar, na daka wa matan falo tsawa suka yi tsit. Ta ɓara.

Ƙas.

Ba mu ji komai daga Agege ba sai ƙarar wani babur da ya wuce. Sannan ya ce, "Sake." Ta ɗauki wani ta ɓara, ya ce ƙas. Na ji Baba ya ja numfashi, irin jan da ban ji ya yi ba tun rasuwar mahaifiyarmu.

Ya ce, "To, ku je ku ɗaura. Ina wurin."

Aka fita da farantin. Ta juyo da ɓari huɗu a tafin hannu, ta rasa inda za ta sa su, ta miƙo mini ɗaya. Na karɓa na jefa a baki. Ɗaci ne, kamar yadda na san shi tun ina yarinya. Na tauna na cinye tas.