Faten Dankalin Baiwa

A shekarar 1991 na fara sanin Baiwa, lokacin da mijinta Kure ya kama ɗaki kusa da nawa a Mile One, Fatakwal. 'Yar Bokkos ce, inda dankalin Turawa ke daɗewa a ajiye lafiya lau. Ta zo da buhu guda, ta jingine shi a lungu kamar yadda ake yi a gida. Laimar Fatakwal ta ruɓar da shi.

Tun daga nan hankalinta ya koma kan motar Jos mai kawo dankali. Da ta ji ta iso, sai ta bar wanki a ruwa ta ruga, ta sayo na kwana biyu kawai. Fatenta ba ya canzawa: dankali, manja, busasshen kifi, sai alayyahu dab da saukewa.

Bara Kure ya kwanta ciwo, ya ƙi abinci, faten kawai yake nema. Motoci kuwa ba su zo ba. Ta zagaye Mile One, babu. Da asuba ta hau motar Onitsha, ta shiga kasuwar Ochanja tana bin rumfuna.

"Mama, a kan dankali kika taso tun daga Fatakwal?" in ji Imrana mai kayan miya. "Doya ta yi miki laifi?"

"Auna mini, ɗana. Tsohon ne ya ƙi ci."

Da magariba ta dawo, ta ɗora tukunya ko gyale ba ta cire ba. Kure ya cinye kwanon tas, ya ce gishiri bai ji ba.

"Tunda bakinka ya dawo," in ji ta, "tashi ka ɗauko da kanka."