Ya Sa Hannu Daga Cikin Mota

Wata biyar ke nan ban rubuta komai a nan ba. Wasu sun ɗauka wayata ce ta lalace. Jinya na yi, kuma yau zan faɗi yadda aka yi, ko da ran wasu zai ɓaci.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Bulus, filasta nake yi. Muna zaune a Kurmin Mashi da matata Saratu.

Muna aikin wani bene ne a Rigachikun. Sikafol ɗin da muke hawa, wato gorar da ake kafawa a jikin gini a shimfiɗa katako a kai, ta sha ruwan damina biyu. Gorar ta tsattsage, ƙusoshi sun yi tsatsa. Na nuna wa heluma, mai kula da mu ma'aikata. Ya ce, "Mai dubawa zai zo ranar Litinin. In akwai matsala shi zai faɗa, ba kai ba."

Ya zo kuwa. Da idona na gan shi. Ya tsaya a gindin mangwaro, ya sauke gilashin mota, heluma ya miƙa masa takarda. Ya hango ginin daga nesa, ya sa hannu, ya ja motarsa. Ko takalminsa bai taɓa yashi ba.

Ranar Laraba da hantsi gora ta karye da ni.

Daga hawa na biyu na faɗo kan tarin yashi, gefen hagu na cikina ya bugi bulo. Abin mamaki, na tashi da ƙafata. Heluma ya ba ni maganin ciwon jiki, ya ce, "Ka gode wa Allah, ba ka karye ba. Je ka huta, kada a yi ta surutu."

Kwana biyu ina gida. Ciwon yana tafiya har kafaɗar hagu, na ɗauka buguwa ce kawai. Ranar Juma'a da safe na miƙe zan shiga wanka, sai jiri ya kwashe ni, gumi mai sanyi ya karyo. Saratu ta kalli leɓena ta ce, "Baban Na'omi, ka yi fari fat. Yau ko ba ka so sai asibiti."

Aka auna jini, aka yi hoton ciki. Likitar, wata mace mara yawan magana, ta ce, "Malam Bulus, saifarka ta fashe. Jini yana zuba a cikinka. Yanzu za mu shiga tiyata."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Ana tura ni a kan gado ina kallon silin, ina tunanin ban ko yi sallama da yara ba.

Komai sai an saya: hoto, ruwan drip, safar hannu, har zaren ɗinki. Jini kuma babu irin nawa a ajiye. Malam Habu kafinta, abokin aikina, ya bar aiki ya taho da mutum uku daga wurin ginin, suka ba da nasu.

An cire saifar gaba ɗaya. Na farfaɗo da roba a hanci da wata a ciki. Kwana huɗu ko ruwa ba na sha sai an ba da izini. Tari kuwa, sai na rungume filo. Daga baya ɗinkin ya yi ruwa, kullum da safe a wanke, ni ina cije haƙori.

A kwana na shida ɗan kwangilar da muke wa aiki ya zo dubiya da lemo. Ya zauna ya ce, "Sannu. Amma ka san takarda ta nuna sikafol lafiya lau take. Ina ga kai ne ba ka taka daidai ba."

Shekara goma sha takwas ina hawa gini, yau ni za a koya wa taku? An yanke mini wani sashe na jikina, sannan a zo har gadon asibiti a nuna mini takardar mutumin da bai fito daga mota ba! Saratu ta miƙa masa lemonsa ta ce, "Yallaɓai, likita ta hana shi. A sauka lafiya."

Bayan an sallame ni, Malam Habu ya zo gida ya ba ni labari. Gora ɗaya kawai aka canja, aka ce ma'aikata su koma sama. Suka ƙi. Da mai dubawa ya dawo, suka taru a gaban motarsa, Malam Habu ya ce, "Yallaɓai, tunda ka ce lafiya take, bismillah, hau mu gani. Muna bayanka."

Ya fito, ya kama gora ya girgiza. Bai hau ba. Ranar aka sauke sikafol ɗin duka.

Wato ya iya aikin. Da ya fito tun farko, da saifata tana nan.

Yanzu na warke, na gode wa Allah. Na fara ƙananan ayyuka a ƙasa. Amma likita ta ce har ƙarshen rayuwata zazzaɓi ba abin wasa ba ne a gare ni. An yi mini alluran rigakafi, kuma ba na kwana sai cikin gidan sauro.

Na gode wa likitoci da nas-nas, da mutanen cocinmu, da Malam Habu da jama'arsa. Saratu, Allah ne kaɗai zai biya ki.

'Yan'uwana masu hawa gini, in kun faɗo ku je asibiti ranar, ko da kun tashi da ƙafarku. Ku ce a yi hoton ciki. Kowace safiya ku duba gora da katako da ɗauri da kanku, balle bayan ruwan sama. In kun ga tsagewa ku ɗauki hoto a waya, ku ƙi hawa tare, don mutum ɗaya ake iya kora.

Ku kuma masu dubawa, ba roƙonku nake yi ba, aikinku ne. Abin da ba za ku iya takawa da ƙafarku ba, kada ku sa hannu ku ce ɗan wani ya hau.