Toshin Ƙaguwa

Abdul-Wahid ɗan Zangon Kumasi ne, direba a Dubai, kuma tuzuru ne har furfura ta fara leƙo masa gemu. Mutumin kirki, wallahi, amma a gaban mace bakinsa mutuwa yake yi murus. Ya daɗe yana son Hawawu, wata 'yar garinsu da ke kitso a wani shago a unguwar Karama, bai taɓa wuce "ina gajiya" ba. Sai ga labari: bizarta ta kusa ƙarewa, ta ce gida za ta koma. Ranar ko shayi bai iya sha ba.

Aikinsa kai baƙi masu ɗaukar hoton tsuntsaye garin Kalba, can bakin teku, inda itatuwa ke tsaye cikin ruwan gishiri. Su suna fama da kyamara, shi yana zaune yana kallon wani tsuntsu mai kamun kifi, shuɗin baya, farin wuya, baki zaƙaƙam, mai sheƙa a kogon tsohon itace. Tsuntsun nan ba ya gaggawa. Sai ruwa ya janye, taɓo ya bayyana, sannan ya faɗo fyuu, ya sure ƙaguwa, ya koma reshe ya yi ta maka ta har ta yi laushi.

Rannan sai ya ga bai haɗiye ba. Wajen wata macen tsuntsu ya kai. Ta kau da kai, 'yar rainin hankali! Namijin ya koma ya sake kamo wata. Ta karɓa.

"Ikon Allah," in ji Abdul-Wahid. "Ashe ba sai da baki ba."

Mutumin da bai taɓa dafa ko ƙwai ba ya kwashi wake da shinkafa ya shiga kicin. Ya kai wa Hawawu shago, kula a hannu, gumi sharkaf. Ta dubi kular, ta ce ta ƙoshi. Ya dawo da kularsa, amma ranar Juma'a ya sake komawa.

Wannan karon ta buɗe, 'yan shago sun zuba ido. Ta kai loma ɗaya, ta rufe ido, ta nemi ruwa.

"Malam Abdul-Wahid, gishirin tekun duka ka juye?"

Aka kwashe da dariya. Shi kam ya so ƙasa ta tsage. Ya miƙa hannu zai ɗauki kularsa, ta riƙe gam, ta ci gaba da ci har ta suɗe cokali.

"Mai girki haka, alhaki ne a bar shi shi kaɗai," ta ce. "Yalla, maza karɓi lambar Babana. Ni kuma gobe zan ce wa madam mai shago ta sabunta bizar."

Har yau in ya kai baƙi Kalba, sai ya ɗaga wa tsuntsun hannu. Kicin kuwa Hawawu ta hana shi shiga.