Ranar da yara suka tona ni

Ni ɗan dako ne. Da damina, in ruwan Binuwai ya cika jirage suka iso Jimeta, nakan ɗauki buhun gyaɗa daga safe har la'asar. Ban yi boko ba, kuma ba ni da yawan magana. Na binne iyayena ina ƙarami, na binne 'ya'yana biyu na fari. Daga nan fuskata ta ɗaure, mutane suka ɗauka haka cikina yake.

Lokacin da aka ce mun zama Jihar Arewa maso Gabas, muna zaune a Limawa, ni da matata da yara biyu, mace mai shekara biyar da ƙanenta. Matata Bafulatanar Yola ce. Ta yi jinya ta rame, sai labari ya kai wa mahaifiyarta cewa mijin nan dutse ne, ko sannu ba ya yi mata. Tsohuwar, wadda muke kira Dada, ta hau mota ta zo da kanta. Ta ce a ɗaure kaya, gobe za ta tafi da 'yarta, ba ta kuma faɗi ranar dawowa ba.

A wurinmu suruki ba ya jayayya da surukarsa. Ba ya cin abinci a gabanta, ba ya haɗa ido da ita. Na durƙusa daga bakin zaure na gaishe ta. Matata ma kunya ta hana ta cewa mijinta na kula da ita. Ina ji ana ɗaure kayan.

Da yamma Dada na kan tabarma a tsakar gida, ni ina zaure ina gyaran gammo. Yaran suna wasan girki a gindin mangwaro, da gwangwani da taɓo. Yarinyar ta kwanta wai ba ta da lafiya. Yaron ya ɗaure fuska, ya taho yana buɗa ƙafa irin tafiyata. Ya tsuguna, ya tsinke ganye wai yana cire ƙayar kifi, ya ƙanƙance ido, ya kumbura murya.

"Buɗe baki, 'yar gidana. In ba ki ci ba, ni ma na ƙoshi."

Yarinyar ta juya baya, ta ce cikin shagwaɓa, "Kai dai ka faye naci."

"In kin ƙare, wa zan duba?"

Maganata ce, ko kalma ɗaya bai bari ba. Na ɗauka a bayan labule nake faɗinta. Na sunkuya kan gammona. Na ji matata ta saki ludayi ta shige ɗaki da gudu.

Dada ta kira yaron, ta tambaye shi wa yake faɗin haka. Ya ce Baba ne, kullum, har yakan hura mata kunu. Yarinyar ta gyara masa, ta ce ai ya manta da matsa ƙafa. Suka shiga gardama kan wace ƙafa nake fara matsawa.

Ban taɓa jin dariyar tsohuwar nan ba sai ranar. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ta huce, ta ɗaga murya wajen ɗaki, ba wajena ba.

"Ke, kwance kayan nan. Ba ni da mai cire miki ƙaya a Yola."

Ta kwana uku, ta koma ita kaɗai. Ni na kai mata ƙunshinta tasha, ina tafe a baya.

Yaran kuwa sun kai wasan ƙofar gida, duk unguwa ta koya. Wata guda abokan dako suna tare ni da "buɗe baki". Ban kula su ba. Nakan saɓa buhuna in wuce, in na tashi in biya wajen masunta in zaɓi kifi mai tsoka.