Sawun Sanda a Kan Toka

Wa-ya-ce ake kiransa, don ko ce masa ka yi gari ya waye, sai ya leƙa waje tukuna. Aikinsa kula da dawakin wani attajiri. A bargar ya tashi, don mahaifinsa ne ya riƙe ta kafin tsufa da mantuwa su zaunar da shi a ɗakin da ke bayanta. Wurin tsohon ya koyi awo: hatsi kaɗan, dusa a jiƙe, ciyawa da harawa su fi yawa, gishirin lasa a rataye. Garin bitamin da likitan dabbobi ya kawo kuwa, sai da ya ɗanɗana kafin ya yarda ya zuba.

Ba ya sayen buhu sai ya zura hannu har gwiwa, ya ɗebo ya shinshina. Matarsa kan ce da ruwan rijiya yana magana, da shi ma ya sha tambayoyi.

Ana nan sai Gunya, goɗiyar da aka haifa a hannunsa, ta fara ƙiba. Wuya ya yi kauri, kofato ya ɗau zafi, tana tsayuwa kamar mai taka ƙaya. Likita ya duba ya ce, "Hatsi ya yi mata yawa. In aka ci gaba, gurguncewa za ta yi."

"Wa ya ce?"

"Ƙafarta ta ce."

Ya janye mata hatsi gaba ɗaya, amma kullum sai ya ga ƙwaya a kashinta. Nan fa zargi ya samu wurin zama. Ya yi wa mai dusa tatas a tsakiyar kasuwa. Ya tare ƙanen matarsa, mai kawo ciyawa a amalanke, ya zazzage kayan a ƙasa yana tonawa.

"Yaya, me kake nema?"

"Abin da ka ɓoye."

Ƙanen ya ja amalankensa, bai ƙara dawowa ba. Matar kuma ta daina yi masa magana, sai dai ta dangwarar da kwano ta wuce. Abin ya dame shi ƙwarai, amma tsoron da yake ji wa Gunya ya fi.

Da wayo ya ƙare, sai ya barbaɗa toka a ƙofar ɗakin hatsi, ya tafi wankin sauran dawakin. Da ya dawo ga sawu: ƙafa biyu masu jan ƙasa, da ɗigon sanda a gefe. Ya daɗe a tsugune. Ya san sandar nan, shi ya sassaƙa ta.

Washegari da rana ya laɓe bayan tarin harawa. Ga tsohon nan tafe, ya sauke kwanon awo daga ƙusa ba tare da lalube ba, ya cika shi, ya shafe bakin da tafin hannu yadda ya koya wa ɗansa, ya kai wa Gunya. Sunayen jikokinsa sun ɓace masa, amma hannun bai manta awo ba.

Wa-ya-ce bai iya tsawata masa ba. Ya kwashe hatsin ya kai wani ɗaki, ya cika buhun da yankakkiyar ciyawa.

Da tsohon ya dawo, ya zura hannu har gwiwa, ya ɗebo ya shinshina. Ya juyo ya ga ɗansa a bakin ƙofa, ya yafito shi kamar wanda ya ga baƙo mai mutunci.

"Malam, matso ka ji. Akwai ɓarawo a bargar nan, ya canza wa dabba abinci. In ka ga ɗana ka faɗa masa ya sa ido. Yaron kirki ne, amma ya cika yarda da mutane."

Wa-ya-ce ya matso kusa da shi. Ya karɓi kwanon ya mayar kan ƙusa.

"Zan faɗa masa, Baba."