Madugun da na musuluntar

Ni na musuluntar da kumandan jirgin, shi kuwa bawan Allah bai ma san ina duniya ba. A wata rumfar kwano na yi wannan aika-aika, bayan kasuwar Malanville, inda yayana ya ajiye tele da benci takwas. Don ƙwallo ya buɗe wurin. To, ba kullum ake ƙwallo ba, sai ya zama ranakun da babu wasa muna kunna wani shiri mai dogon zango da wata tasha ke nunawa bayan la'asar. Mutane ne a cikin wani ƙaton jirgi, duniyarsu ta ƙone, suna yawo tsakanin taurari suna neman inda za su sauka. Da Faransanci suke magana. Masu kallonmu kuwa 'yan dako ne da 'yan kabu-kabu da 'yan albasa da ke ƙetaro gada daga Gaya, yawancinsu Faransancinsu bai wuce na gaida jandarma ba. Ni na yi lakwal, wato makarantar boko, a gidanmu, saboda haka ni ke zama gefen telen, a rage masa murya, ina mayar musu da zancen cikin Hausa, wani lokaci in jefa yaren Dendi don 'yan gari.

Tafinta ba baƙon aiki ba ne a wurina. Tun ina saurayi ake kirana in manya sun zo daga Kotonu yi wa jama'a jawabi. Wani tsohon tafinta ne ya koya mini aikin, kuma abu na farko da ya faɗa mini shi ne mutanenmu ba sa haɗiye magana ba gishiri. In mai kwat ya ce za su gina magudanar ruwa baɗi, kai sai ka ce za su gina baɗi in Allah ya yarda. In ka bar ta yadda ta fito, jama'a za su ce wane ne wannan da ke yanke wa gobe hukunci. Ba wanda ke lissafa wannan cikin ƙarya, ladabin aiki ne. A takarda gwamnatinmu ba ruwanta da addinin kowa, amma ban taɓa zama taron da aka buɗe ba sai liman ya yi addu'a, fada na coci ya yi tasa, wani lokaci addu'o'in su fi jawabin tsawo. Magudanar kuwa, har yau in aka yi ruwa sai mun naɗe ƙafar wando kafin mu fita gida.

Makon farko na fassara shirin yadda yake. Sai rannan wani ɗan dako ya ɗaga murya daga bencin baya.

"Malam, wai mutanen ga kwana nawa suna tahiya? Ban ga wanda yad dubi gabas ba."

"To ina gabas take can sama?" in ji wani.

"Ko ba gabas, ai akwai baki. Ko bismilla ba su yi!"

Aka hau gardama har aka daina jin muryata. Haushi ya kama ni, don dai a lokacin jirgin na gab da karo da wani dutse, su kuwa alƙibla ta dame su. Washegari na ɗauko gishirin tsohon tafinta. Kumanda ya ce a tayar da injuna, na ce, "Bismillahi, a tayar da injuna." Suka tsira daga dutse, na sa masa hamdala a baki. Aka yi musu rasuwa suka saki gawar cikin duhun sama, na sa kumanda ya yi salati. In ya shiga ɗakinsa ƙofa ta rufe, sai in ce ya tafi ba da farali. Gardama ta mutu, rumfa ta cika, yayana ya ƙaro benci biyu.

A cikin masu zuwa akwai Baba, mahaifinmu. Tsohon falken albasa ne, yanar ido ta rufe masa gani ya bar kasuwa. Ni ke riƙe masa sanda in kawo shi, ya zauna bencin gaba ya juyo da kunnensa wajena, tunda telen ba abin da yake gani a ciki sai haske. Ni ne idonsa a komai. Takardar duwan ta 'yan kwastan, takardar likita, saƙon waya, jawabin shugaba a rediyo, duk ta bakina suke isa gare shi. Yakan gaya wa abokansa, "Abin da ɗana yac ce takarda tac ce, shi tac ce." Shi kansa mutum ne da ba a taɓa kama shi da magana biyu ba. In 'yan albasa suka yi saɓani a kan ciniki, sai a ce a je a tambayi Alhaji, abin da ya faɗa nan magana ta ƙare.

Baba ya ƙaunaci kumandan nan. Bai taɓa kiransa kumanda ba, madugu yake ce masa. Ya ce ya san irinsu a hanyar fatauci, masu kwana da yunwa don ayari ya ci. Wata rana bayan sallar magariba na ji shi yana addu'a, ya gama da iyaye da 'ya'ya da maƙwabta, sai ya ƙara da cewa Allah ya sauke madugu da mutanensa lafiya. Na ƙunshe dariyata na fita waje. Da ina da hankali a ranar zan daina, amma daɗin abin nake ji.

Sai ranar hasumiya ta zo. Jirgin ya sauka a wata duniya inda mutanenta ke faɗuwa ƙasa gaban wata doguwar hasumiya mai magana. Kumanda ya ɓalle ƙofarta ya nuna musu inji ne a ciki da wayoyi. Har nan babu laifi. Amma sai ya juyo ya ce musu su a duniyarsu sun daɗe da barin bauta kowace iri, babu kowa a sama da zai zo ya taimaki kowa, mutum shi kaɗai ne. Na ji maganar sarai, kalma bayan kalma. Mutum sittin sun zuba mini ido, Baba ya miƙo kunne. Na ce, "Ya ce musu wannan gunki ne, ƙirar hannu, babu abin bauta da gaskiya sai Allah." Rumfar ta ɗauki kabbara har masu shinkafa na waje suka leƙo. Na dubi Baba na ga yana share ido da bakin rawaninsa.

Lokacin zaɓen kansiloli ne. Akwai wani ɗan takara a unguwarmu, mai manyan motocin dakon kaya, wanda ba mu saba ganinsa a sahun asuba ba sai da aka liƙa hotunansa a bango. Cikin wata guda ya sauya wa masallaci tabarmi, ya sa fanka, ya koyi jan carbi yana magana. Ba ya buɗe baki sai da salati, ko farashin siminti zai faɗa. Ban taɓa son mutumin ba, kuma har yau ba na sonsa. Yana neman abin da zai riƙe ya nuna kishin addini, sai surukinsa, malamin lakwal da ke kallon shirin a gida, ya ba shi labarin hasumiya yadda take.

Ranar Juma'a bayan an sallame aka ce kowa ya tsaya. Ɗan takara ya miƙe ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce akwai rumfa a bayan kasuwa inda ake koya wa matasa cewa babu Allah, kuma in ya ci zaɓe ko bai ci ba sai an rufe ta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a ranar mutumin gaskiya yake faɗa game da kalaman kumanda. Ni da nake raina shi don yana shafa sunan Allah a kan hajarsa, me na yi wata uku ina yi a gefen tele? Na sunkuyar da kai ina fatan a yi ta hayaniya a watse.

Sai na ji sanda ta daki ƙasa kusa da ni. Baba ne ya miƙe.

"Liman, ku ba ni dama. Ni kullum ina wurin ga da aka faɗi. Madugun nan Musulmi na. Ba shi tada jirgi sai da bismilla, ba shi barin salla. Ranar da aka zancen, gunki yak karya, yak kira mutane ga tauhidi. Na ji da kunnena, kuma ni shaida na gaban Allah."

Baba ba ya rantsuwa, kowa ya san haka. Liman ya ce, "Shaidar Alhaji ta ishe mu." 'Yan dako suka goyi baya da hayaniya, ɗan takara ya yi 'yar dariyar yaƙe ya ce wataƙila ba a kawo masa labari daidai ba. Malamin lakwal yana nan a sahu na uku. Ya dube ni, na dube shi, bai ce uffan ba, don ba zai ƙaryata tsoho makaho a gaban masallaci ba. Ni kuwa da ya kamata in buɗe baki, na tsaya kamar an dasa ni. Yayana ya zo yana ta murna yana dukan kafaɗata.

A hanyar gida ina gaba riƙe da kan sanda, Baba na biye. Mun wuce masu gyaran babura ban ce komai ba, mun wuce rumfar mai nama ban ce komai ba. Makaho kuwa da kunne yake gani.

"Yau ba ka da magana," in ji shi.

"Gajiya ce, Baba."

"Ɗan takara ya sha kunya, kai ba ka yi murna ba. Tsaya." Na tsaya. "Ranar hasumiya, mi madugu yac ce? Ba abin da kac ce ba. Abin da yac ce da bakinai."

Na so in sake sa gishiri, wallahi na so. Amma ban taɓa jin ya raba maganata da maganar wani ba sai ranar. Na faɗa masa duka, a tsakiyar hanya, babura na kauce mana. Na faɗa masa bismillar tawa ce, hamdalar tawa ce, ɗakin da madugu ke shiga ban san abin da yake yi a ciki ba. Na ce haka aikin tafinta yake, haka aka koya mini, haka nake wa manyan Kotonu kuma ba wanda ya taɓa cewa na yi laifi.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ashe shaidar zur kas sa ni yi, ina tsohona." Sai kuma ya ce, "Mu tahi."

Da la'asar ya ce in mayar da shi masallaci. Bayan an sallame ya miƙe a gaban mutanen da suka rage ya ce ya janye shaidarsa. Ya ce ya faɗi cewa ya ji da kunnensa, amma muryar da ya ji ba ta madugu ba ce, kuma mai tuhuma ya fi shi gaskiya. Bai ambaci sunana ba, kuma ba ya bukata. Ya nemi gafarar ɗan takara, mutumin da bai kai ya ɗaukar masa takalmi ba, shi kuma ya karɓa yana gyara hula.

Ba a rufe rumfar ba. Zaɓe ya wuce, ɗan takara ya ci, ya manta da mu ya manta da sahun asuba, fankar masallaci ta lalace ba wanda ya gyara. Yayana ya koma ƙwallo zalla. Ban san ko mutanen jirgin sun sami inda suka sauka ba. Har yau ana kirana tafinta in baƙi sun zo, kuma na gwada sau ɗaya in faɗi jawabi yadda ya fito, ba ƙari. Bayan taro mai unguwa ya ja ni gefe ya tambaye ni ko baƙon ba shi da addini ne, ko kuwa ni ne na fara lalacewa.

Bayan wata biyu aka aiko wa Baba takarda daga likitan ido na Parakou, a kan aikin da za a yi masa. Na ga lokacin da aka miƙa masa ita, na matso na miƙa hannu kamar kullum. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Kai ni wurin tela," ya ce.

Telan maƙwabcinmu ne, aji uku ya yi a lakwal. Ya ajiye almakashi ya karɓi takardar ya fara haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, yana tuntuɓe, yana komawa baya. Layi biyar ne, da na karanta su cikin numfashi ɗaya. Sau biyu ya ɗago kai ya dube ni yana neman agaji, na buɗe baki.

"Bar shi," in ji Baba. "Shi ba shi ƙara komi."

Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da sandarsa har tela ya kai layi na biyar.