Tantabarun Inna Sahura

In ka sauka Matankari ka tambayi gidan Sahura, abin da za a fara ce maka shi ne, "Mai rediyo?" Ɗiyar makiyaya ce, a rugagen Sukukutane aka haife ta, aure ya kawo ta gari. Mijin ya rasu ya bar mata ɗaki biyu da turmi da wani baƙin rediyo da aka ɗaure murfinsa da roba. Fura take damawa ta ci abinci, amma da rediyon nan aka san ta. Kullum da hantsi, lokacin sanarwa, tana gindin katanga ta miƙe ƙafa. Wanda ya rasu, wadda ta haihu, saniyar da ta ɓata da irin tsagar kunnenta, duk daga bakin Sahura unguwa ke ji.

Tana da aminiya, Ummuhani, wadda suka yi tallan nono tare suna ƴammata. Ita Ummuhani a ruga ta tsufa. Tun da ƙuruciya suka ƙulla alkawari: duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta yi mata wanka.

To, ana nan sai Saminu, matashin ɗan kasuwar da ke maƙwabtaka da ita, ya sayo farantan sola daga Dogon Dutsi ya shimfiɗa a kan kwanonsa, ya ajiye firigo don sayar da ƙanƙara. Akwatin da ke juya wutar kuwa, mai arha ya samo, ya kafe shi a bayan katangar da Sahura ke jingina. Tun ranar rediyo ya koma zuuu, kamar an saki zuma a cikinsa. Wata maƙwabciya ta ce doguwa ce ta shiga. Sahura dai ta ɗauki abinta ta zaga gida. In ta matso katanga ƙara ta ƙaru, in ta yi nisa ta ragu, sai can bayan rijiya murya ke fita tas.

Ta same shi a shago. "Ɗan nan, akwatinka na cinye mini magana."

Saminu ya yi dariya. "Haba Inna, rediyon ga ai ya girme ni. Ki bar shi ya huta."

"Ya girme ka, shi ya sa ya fi ka ladabi."

Ya miƙa mata ƙanƙara kyauta. Ta bar masa a kan tebur.

Daga nan kullum sai ta ja ƙafa zuwa bayan rijiya. Wata safiya gwiwa ta ƙi, ta zauna gida tana jin zuuu. A safiyar ce aka karanta rasuwar Ummuhani. Ƴaƴanta ba su aiko kowa ba, ba su buga waya ba. Wa zai aika wa Sahura da labarin da aka faɗa a rediyo? A unguwa ma waɗanda suka ji sun ɗauka ta riga ta kama hanya. Sai washegari wata mai tallan nono ta ga ta zaune ta ce, "Inna, har kin dawo?"

A bakinta Sahura ta ji rasuwar. Aka kai ta Sukukutane a babur. Ta tarar wata surukar Ummuhani ce ta yi wankan. Dangi suka amsa gaisuwarta suna kallon ƙasa.

Da ta dawo ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta kuma sake zuwa shagon Saminu ba. Tantabaru ta fara kiwo. Mutane suka ce kewa ce. Ta riƙa watsa musu tsaba a tsakar gida, sannu a hankali ta matsa gindin katanga, daga nan kan katanga. Tantabarun kasuwa suka ji labari suka taho da danginsu. Ba ta yi gaggawa ba, azumi take jira, lokacin da rana ke gasa mutane, kowa na layin ƙanƙara kafin shan ruwa.

Ranar da aka ɗauki azumi ta cika faifai da gero, ta ɗaga hannu irin na mai sheƙa, ta watsa shi kan kwanon Saminu. Kafin azahar farantan sun yi fari fat da kashi. Ya hau ya wanke da ruwan saye. Washegari ta sake watsawa. Gwiwar da ta ƙi zuwa bayan rijiya ba ta taɓa ƙin wannan aiki ba. Batir ya daina cika, ƙanƙara ta koma ruwa, masu saye suka juya wani wurin.

Ya shigo da sallama, hula a hannu. "Inna, cikin azumi?"

"Sadaka nike wa tsuntsaye. An hana?"

"Mi kike so in yi?"

Ta nuna masa tabarma. Lokacin sanarwa ne. Ta kunna rediyon ta ɗora masa a cinya. Ya yunƙura zai yi magana, ta ɗaga yatsa. Haka ya zauna yana jin zuuu har aka gama.

"Wa ya rasu yau?" ta tambaye shi.

"Ban ji ba, Inna."

"Haka ni ma ban ji ba."

Ya kirawo mai gyara daga Dogon Dutsi. Aka cire akwatin aka mai da shi can ƙarshen gida, aka gajarta wayoyin aka murɗe su kamar igiya, aka zura musu wasu baƙaƙen zobba, aka kafa ƙarfe a ƙasa aka ɗaure jikin akwatin da shi. Sahura ta kunna a gindin katangarta. Muryar mai sanarwa ta fito, da ɗan tsaki kaɗan a bayanta.

Ta daina watsa gero. Amma tantabaru sun riga sun saba, kowace safiya suna kan kwano suna jira. Saminu ya leƙo ta kan katanga da tsumma a kafaɗa.

"Inna, yaushe za su manta?"

Sahura ta ƙara muryar rediyo. "Ka tambaye su. Ni dai ban manta ba."